Yadda Ma'aikaciyar Jinya Za Ta Gano Zaizayewar Ƙashi, Ta Kuma Wayar da Kan Mai Ciwon

Zaizayewar ƙashi ciwo ne da ke cin ƙashi daga ciki shekara da shekaru ba tare da zafi ba, har sai ranar da dattijuwa ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu ko a wuyan hannu. Duk karayar da ta biyo bayan faɗuwa daga tsaye, ga wanda ya haura shekara 50, wajibi ne ma'aikaciyar jinya ta ɗauke ta a matsayin alama, ko da dangi sun ce tsufa ne kawai, ko sun riga sun kai ta wurin mai ɗori.

Binciken yana farawa ne daga tambaya. Ki tambayi mace yaushe ta daina ganin al'ada, domin raguwar sinadarin estrojin na hanzarta zaizayewar, kuma wadda ta daina kafin shekara 45 ta fi shiga haɗari. Ki tambaya ko mahaifinta ko mahaifiyarta sun taɓa karyewa a ƙugu, sannan ki bi batun taba da barasa da ciwon sanyin gaɓoɓi mai kumburi. Tambayar da na fi ba wa muhimmanci ita ce ta magunguna, musamman prednisolone da dexamethasone, waɗanda shan su na wata 3 ko fiye yake raunana ƙashi. Mutane da yawa suna sayensu a kemis domin ciwon gwiwa ko domin ƙiba, kuma ba sa lissafa su cikin magani, saboda haka ki nemi a kawo miki ledar magungunan gida gaba ɗaya ki duba da idonki, ba tare da faɗa ko kunyatarwa ba. Kada ki ce a daina su nan take, domin yanke su farat ɗaya yana da nasa haɗarin. Likita ne zai tsara ragewar.

Daga nan ki auna tsawo da nauyi. Raguwar tsawo da ta kai santimita 4, ko fitowar doro, ko ciwon baya da ya zo kwatsam, suna iya nuna cewa wani ƙashin gadon baya ya murƙushe. Ki sa ta tashi daga kujera ta yi 'yan taku ta dawo, ki lura da tangaɗi da ƙarfin ganinta.

Tabbatar da ciwon aikin likita ne, ta hanyar gwajin DXA mai auna kaurin ƙashi, kuma bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1994, makin T, wato lambar sakamakon gwajin, na -2.5 ko ƙasa da haka shi ne zaizayewar ƙashi. Inda babu na'urar, ma'aunin FRAX da aka fitar daga Jami'ar Sheffield a 2008 yana ƙiyasta haɗarin karaya cikin shekara 10 ko da ba a yi gwajin ba. Abin da ke naki shi ne rubuta matsalolin jinya: haɗarin faɗuwa, ciwo, wahalar motsi da ƙarancin sani.

Wajen wayar da kai, ki yi magana da abin da ke cikin tukunyarta. Tsofaffi na bukatar kusan miligiram 1,200 na kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, a rana, kuma nono da kindirmo da riɗi da miyar kuka da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu duk suna taimakawa. Ki ƙarfafa mata fita rana a tsakar gida domin bitamin D, da tafiya a ƙafa kullum. Idan an rubuta mata maganin ƙarfafa ƙashi alendronate na mako-mako, ki ce: "Baba, ki haɗiye shi da safe kafin ki ci komai, da cikakken kofin ruwa, kada ki kwanta kuma kada ki ci abinci sai bayan minti 30." Ki sa ta maimaita miki da bakinta, sannan ki jawo 'yarta ko surukarta cikin bayanin, domin su ne za su goge santsin banɗaki, su ɗauke tabarmar da ke naɗewa a bakin ƙofa, su ajiye mata tocila da sanda kusa da gado saboda fitar dare da alwalar asuba.