Yadda Ake Ɗaukar Kayan Injin Tsohuwar Mota a Saka wa Tsohuwar Tarakta

Tsohuwar tarakta takan kwana shekara a gareji saboda fistin ɗaya ko bawul biyu, alhali irin kayan nan suna jibge cikin injin wata matacciyar babbar mota a wurin 'yan gwangwan. Dalili shi ne kamfanoni da yawa ba su ƙera wa tarakta injinta daban ba, inji ɗaya suke rabawa tsakanin gona da titi. Amma ba kowane ƙarfe da ya shiga rami ne ya dace ba, don haka aikin yana son bi daki-daki.

Mataki na farko, ka manta da sunan da ke jikin bonet, ka nemi lambar injin. A goge gefen bulok da burushin waya da ɗan kananzir har lambar ta fito. Yawancin Massey Ferguson da ke gonakinmu injin Perkins ne a cikinsu, kuma haruffa biyu na farkon lambar suna faɗin danginsa: LD na nufin 4.236, LF na nufin 4.248, CE kuwa D3.152 mai silinda uku, irin na Massey Ferguson 135. Injinan da suka tsufa ƙwarai an rubuta musu lambar samfurin kai tsaye. Da wannan lamba za ka shiga Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ba da cewa "ta Masi ce ja" ba.

Na biyu, ka san waɗanda suke 'yan gida ɗaya. Ford 9N ta 1939 da ƙannenta 2N da 8N, injinsu mai silinda huɗu kusan rabin injin V8 ne na motocin Ford da Mercury na lokacin, faɗin silinda ɗaya, shi ya sa a Amurka ake musayar fistin da bawul a tsakaninsu. A Ingila, ƙaramar Ferguson TEA-20 da aka ƙera a Coventry da injin kamfanin Standard take aiki, dangin na motar Standard Vanguard. Fordson Major mai dizal da babbar motar Thames Trader mai injin 4D su ma tushensu ɗaya. Wanda ya fi kusa da mu shi ne OM352 na Mercedes, mai silinda shida, da ke cikin manyan motoci irin su 1113 da Unimog da manyan taraktocin MB-trac. Perkins 6.354 kuma ya yi aiki a manyan motocin Dodge da injinan girbi.

Na uku shi ne awo, kuma nan ne masu gaggawa ke yin asara. Kada ka yarda da ido, ko da idon tsohon bakanike ne. Perkins 4.236 faɗin silindarsa milimita 98.4 ne, na 4.248 kuwa kusan 101, amma daga waje kamar tagwaye suke. Ferguson ta fara da milimita 80 kafin ta koma 85 irin na Vanguard, don haka fistin motar ba zai shiga ta farkon ba sai an canza har da silib, wato bututun ƙarfen da fistin ke gudu a cikinsa. Ka tafi kasuwa da tsohon kayan a hannunka, tare da ma'auni. A auna faɗin fistin, da kaurin fin ɗinsa, da tazarar da ke tsakanin fin da saman fistin, a ƙirga ramukan rin. Sannan a dubi samansa: injin da nozul ke fesa mai kai tsaye, fistinsa yana da rami kamar ƙaramin kwano, wanda ba haka ba kuwa samansa a shafe yake. Perkins 3.152 da D3.152 faɗinsu ɗaya, amma a nan suka rabu. Idan karanshaf ne, a kai wa mai tana, wato mai sassaƙa ƙarfe da inji, ya auna, domin wataƙila an taɓa sassaƙe shi, sai da metal mai kauri, wato ƙarfen da yake juyi a kansa, zai zauna.

Na huɗu, ka rarrabe abin da ke ƙaura da wanda ba ya ƙaura. Kayan ciki, wato fistin, rin, silib, metal, bawul da gasket, su ne suka fi dacewa. Na waje kuwa sai a hankali. Yawanci tarakta ba ta da shasi irin na mota, bulok da kwanon baƙin mai su ne ƙashin bayanta, su ke riƙe ƙafafun gaba da giya. Shi ya sa kwanonta na zubin ƙarfe ne mai nauyi, na mota kuwa falle ne. Wanda ya ɗora injin mota sukutum ba tare da ya ɗaure masa ƙarafan tallafi ba, yana neman tarakta ta karye a tsakiyar kunya. Fulawil ma a bar na tarakta, ya fi nauyi kuma da shi kulocinta ya dace. A duba kik da altaneta, manyan motoci da yawa bolt 24 ne, tarakta kuwa yawanci 12. Noti ma akwai na inci, akwai na milimita, kada a tilasta.

Na biyar, famfon injekta. Wannan ina roƙon kowa ya ɗauke shi da muhimmanci. An saita gwamnan tarakta, wato abin da ke daidaita gudun inji, ya riƙe gudu ɗaya komai nauyin garma, na mota kuwa an sake shi ya bi totur, kuma yana hawa sama sosai. Injin Vanguard yana ba da ƙarfin doki 68 yana juyi fiye da 4,000 a minti, ɗan'uwansa na Ferguson bai kai doki 30 ba, an tsayar da shi wajen 2,000. A injin dizal, famfon mota a jikin tarakta yana iya sa inji ya zarce gudun da aka tsara wa taraktar, mutum yana zaune a kai. Ka bar famfon tarakta da nozul ɗinta, ko a kai wa mai gyaran injekta ya saita a kan injin gwaji.

Bayan an haɗa, kafin a ɗora kan silinda, a auna yadda kowane fistin ya leƙo saman bulok. Idan an rufe, a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, in ya tokare a tsaya a buɗe. A tayar da shi ba kaya, ido a kan gejin baƙin mai da zafin lagireto, hannu kusa da abin kashewa. Kwanakin farko a ba shi aiki matsakaici kamar jan tirela, sannan a canza baƙin mai da filta, a sake saita bawul, kafin a ɗaura masa haro.