Yadda ake kula da ciwon gwiwar tsoho mai hawan jini ko ciwon sukari

A gidanmu a nan Tawa ni ke riƙe da ledar maganin Inna, kuma na ga gidaje da yawa suna faɗawa ramin da muka faɗa. Tsohuwa ta kwana tana kukan gwiwa, da safe ɗa ya fita ya samo mata "maganin sanyi mai ƙarfi", ya manta tana shan na tansiyo, wato hawan jini.

Da farko a tabbatar wane ciwo ne. Wanda muke kira sanyi galibi guringuntsin da ke shimfiɗe a kan ƙasusuwan gwiwa ne ya cinye: ciwo in an yi tafiya ko an tashi daga tabarma, ƙara ƙuruƙus-ƙuruƙus, sandarewa da asuba da ke saki kafin rabin awa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta ce mutum miliyan 365 ke da shi a gwiwa, kuma mata sun fi yawa. Amma gwiwar da ta kumbura dare ɗaya, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, wannan wani abu ne daban. A kai gidan likita a ranar.

Na biyu, kuma nan ne zan daɗe. Kafin a sayi ko ƙwaya ɗaya, a tattara duk abin da tsoho ke haɗiya cikin leda guda: na lokotoro, na kasuwa, garin gargajiya, har wanda ke ɗaure a bakin zane. A kai CSI, wato ƙaramin gidan likita, ko wurin lokotoro a zube masa a tebur. Kada a dogara da bakin tsoho. Mu ƙanena ne ya sayo wa Inna wasu ƙwayoyi wurin mai tire a kasuwa, ƴan daloli kawai. Sun yi aiki kamar yankan wuƙa, har ta koma tafiya biki da ƙafa. Bayan sati uku ƙafafunta suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga, tansiyon da ya daɗe a kwance ya hau. Lokotoro ya ce, "Hajiya, me kike sha bayan wanda na rubuta?" Ta ce, "Ba komai, ɗana." Sai da muka matsa ta ce, "To, sai ɗan na gwiwar nan." A wurinta wannan ba ya cikin lissafin magani. Diklofenak ne.

Diklofenak da ibuprofen da danginsu suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, suna cin ciki. In tsoho na shan maganin sa fitsari tare da na tansiyo irin su kaptopril, aka ɗora masa wannan a kai, ga zafin Afrilu ko ƙishin azumi, ƙoda na iya tsayawa. Mai gyambon ciki, mai ciwon zuciya, mai shan asfirin ko maganin tsinka jini, duk hanya ɗaya ce: kada a ba su sai da izinin lokotoro. Baƙin kashi kamar kwalta alamar jini ne daga ciki, ba a kwana da shi. Awon jinin ƙoda, wanda suke kira kireyatinin, kuɗinsa na da ɗan ciwo, na sani, amma mu sai da aka kwantar da Inna muka gane araharsa.

Mai ciwon sukari kuma abokin gabarsa dangin kotizon ne, irin su deksametazon da ake cusawa cikin haɗin masu tire. Suna kwantar da ciwo, su tayar da sukari, su kumbura fuska. Ko allurar da lokotoro ke yi cikin gwiwa tana hau da sukari na ƴan kwanaki, don haka a faɗa masa tun kafin ya ɗauki sirinji. Tiramol kuwa ni ban yarda ya shigo gidanmu ba. Jiri yake sa wa tsoho, faɗuwa ɗaya a bayi ta isa karya ƙugu.

To me za a ba shi? Man shafawa na diklofenak, wanda kaɗan ne ke shiga jini, da parasetamol da bai wuce giram 3 a yini ba. A ɗauki na haɗiya. Wanda ke tafasa cikin ruwa yana ɗauke da gishiri mai yawa, ya kuma fi tsada.

Na uku, motsi. Ƴaƴa masu tausayi ne ke gurgunta iyaye da "zauna Baba, a kawo maka". Naman cinya ne ke ɗauke wa gwiwa kaya. Don ƙarfafa shi, tsoho ya zauna a kujera, ya miƙe ƙafa, ya ƙirga zuwa biyar, ya sauke, sau goma kowace ƙafa, safe da yamma. Sai tafiyar minti goma bayan asuba, a ƙara kaɗan-kaɗan; ita ce kuma ke taimakon sukari da tansiyon. Sanda a hannun da ke gefen ƙafa mai lafiya ake riƙe ta, kusan kowa na juya wannan.

Sauran a taƙaice. Mai ƙiba in ya rage kilo 1, gwiwa ta huta da kusan kilo 4 a kowane taku, don haka a rage sukarin fura da na shayi, da magi da gishiri a miya. Masai na tsugunne a ɗora masa kujera mai rami, kafinta zai yi ta a yini ɗaya. Salla a zaune ta halatta ga wanda ya kasa, in tsoho ya ƙi ji daga bakinku a kira liman ya faɗa masa. Mai sukari ba a yi masa tsaga ko ƙaho a gwiwa, raunin ba ya warkewa da wuri, ba a kuma gasa masa ƙafa da ruwan zafi sai wani ya fara taɓawa da hannunsa.