Darasi na 9: Gyaran Gida Kafin Ruwa Ya Sauka

Idan hunturu ya wuce, zafi ya kankama, to bazara ta shigo. A ƙasar Kano da Katsina takan kama daga watan Maris zuwa Mayu. Mutanen Zariya da Kaduna sukan riga ganin ruwa, na Maraɗi da Damagaram kuwa sai sun ƙara jira zuwa wajen Yuni. Ko ina kake, bazara ce lokacin gyaran gida, domin ƙasar da aka kwaɓa sai da rana take bushewa. Wanda ya bari sai hadari ya haɗu sannan ya fita neman magini, ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu fara daga sama, tunda ta nan ruwa yake zuwa.

Maigida, ɗauki tsani ka hau soronka da safe, kafin rana ta yi zafi. Share ƙurar da iskar hunturu ta tara, da ganyaye, da ledoji. Sannan ka durƙusa ka duba da kyau. Duk inda ka ga tsaga, ko siririya ce kamar zare, yi mata alama da gawayi. Duba kuma inda rufin ya lotsa, domin a nan ruwa zai kwanta, ya riƙa tsattsafowa har ya kai ga azara.

Bari mu yi ɗan lissafi, mu ga yawan ruwan da rufi yake ɗauka. Ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 4 yana da rufi murabba'in mita 16. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Idan aka yi ruwa milimita 30 a dare guda, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, sai mu ce 16 sau 30. Amsa ita ce lita 480. Wato kusan jarka 19 ke nan, irin mai cin lita 25 da 'yan garuwa suke turawa a kura. Duk wannan ruwa ta indararo ɗaya ko biyu zai bi ya sauka. To, in indararon ya toshe fa? Ruwan zai zauna a saman kan iyalinka. Saboda haka zura sanda ka tabbatar a buɗe yake. In ya tsage ko ya yi tsatsa, sauya shi, kuma ka sa mai tsawo wanda zai jefa ruwa nesa da bango.

Bayan haka sai yaɓe. Iyayenmu suna haɗa jar ƙasa da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ta hana ruwa shiga. Akwai kuma laso, da ake haɗawa da katsin marina, wato dagwalon da yake kwanciya a ƙasan ramin rini, da gashin jima, da dafara, wani tsiro mai yauƙi. Yau masu wannan haɗi sun yi ƙaranci, kuma abin takaici ne, domin aikinsu yana daɗewa. In akwai tsohon magini a unguwarku da ya iya, neme shi. Kada a cika tsaga da busasshiyar ƙasa kawai. A ɗan buɗa ta, a yayyafa ruwa, a cusa kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a daddanna, a bar ta ta bushe kafin a yi shafe na biyu.

Sauko ka shiga ɗakin, ka ɗaga kai. Ƙwanƙwasa kowace azara da sanda. Wadda ta yi ƙara kamar ganga, ko ka ga hanyar ƙasa a jikinta, gara ta shige ta. Irin wannan ba a yi mata kwaskwarima, cire ta ake yi. Kafin a samu hali, a tokare ta da ƙaƙƙarfan itace, kuma kada kowa ya kwana a ƙarƙashinta.

Mai rufin kwano aikinsa ya fi sauƙi. Da tsakar rana ka rufe ƙofa da taga, duk inda haske ya ɓullo to huda ce, a liƙe ta da kwalta. Babban abin tsoro shi ne iskar farkon damina, mai yaye rufi baki ɗaya. Kira kafinta ya ƙara ƙusa a gefe-gefe, ya duba ko katakon yana ɗaure da ginin. Kada ka danne kwano da tsohuwar taya, tana tara ruwa.

Yanzu sai katanga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ma haka yake. Amma ni na fi jin tsoron gindin bango a kan samansa. Ruwan da yake fantsama daga ƙasa yana cin gindin sannu a hankali, har ya rame, nauyin sama ya fi ƙarfinsa. Irin wannan katanga ce take faɗuwa cikin dare idan ruwa ya yi kwana biyu yana zuba. Cike gindin da ƙasa mai kyau, ka yi masa gangare yadda ruwa zai gudu waje. In an shafe bangon ƙasa da siminti, ƙwanƙwasa shi. Inda ya yi ƙarar fanko, simintin ya rabu da ƙasar, ruwa zai bi ta baya ba tare da an gani ba.

Uwargida, ke kika fi kowa sanin inda ruwa yake kwanciya a tsakar gida. Zuba bokiti biyu ki bi shi da ido. In bai kai rariya ba, a cike kwarin da ya tsare shi. A fitar da fasassun tukwane da gwangwanaye, domin sauro kwana 7 zuwa 10 kawai yake bukata daga ƙwai ya zama mai cizo. Lambatun ƙofar gida kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ku yi magana da mai unguwa a sa ranar gayya, a kwashe sharar a kai ta juji. In an tara ta a bakin lambatu, ruwan farko zai mayar da ita ciki.

Rijiya a bazara ake yashe ta, lokacin da ruwa ya ja baya. Mai shiga ya ɗaura igiya a ƙugu, mutum biyu su tsaya a sama, kuma kada a kunna injin fetur a ciki, hayaƙinsa yana kisa. A ɗaga bakinta, a yi mata murfi. Mai haƙa sabon masai ya nisanta shi da rijiya kamar mita 30, kada ruwansa ya tsiyaya cikinta ya kawo amai da gudawa.

Rassan darbejiya da suka rufa kan ɗaki a sassare su. Reshen da ya taɓa wayar lantarki kuwa a bar wa ma'aikatan wuta. Rumbu a sauya masa jinka in bunun ya ruɓe.

Aikin gida: auna tsawo da faɗin ɗakin da kake kwana. Lissafa lita nawa rufinsa zai ɗauka idan aka yi ruwa milimita 20. Rubuta gyara uku da ka gani a gidanka, da kuɗin da kowanne zai ci, ka zo da takardar aji mako mai zuwa.