Yadda ake karɓar takardar shaidar mutuwa a ofishin kaunti a Amurka

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. A gida mun saba in an yi rasuwa da safe kafin azahar an kai mutum makwancinsa, maganar takarda sai can daga baya in ma ta taso. Toh a Amurka ba haka abin yake ba, banki ba zai saurare ka ba, kamfanin inshora ba zai biya ko sisi ba, motar mamaci ma ba za a canza mata suna ba sai ka ajiye musu takardar shaidar mutuwa mai hatimi. Ga yadda ake bi a same ta.

Da farko ka san cewa gwamnatin tarayya a Washington ba ta ba da wannan takarda, aikin jiha ne da kaunti, wato kamar ƙaramar hukuma a wajenmu. Kuma inda mutum ya cika can ake rajista, ba inda yake zaune ba. Wannan ne ke wahalar da mutane, mutum gidansa na kaunti kaza amma motar asibiti ta kai shi wani asibiti a kauntin maƙwabta ya rasu a can, toh takardarsa tana can, ko direban babbar mota ne ya rasu a hanya a wata jiha, can za ku nema. Don haka ka fara tambayar asibitin a wace kaunti suke.

Na biyu, kuma nan ne nake so ka fi natsuwa, ita takardar ba ofishin kaunti ne ke rubuta ta ba. Kamfanin da ke shirya jana'iza shi ke cike bayanan mamaci, likita ko jami'in binciken gawa ya cike dalilin mutuwa ya sa hannu, sannan a tura wa hukuma, yawanci ta intanet. Su kuma kamfanin daga bakin iyali suke ɗaukar bayanin, a ranar da kowa hankalinsa a tashe yake ana ta waya da gida ana neman wanda zai yi wanka da sallah. Dan Allah kar a bar wanda bai san mamacin sosai ba ya amsa tambayoyin nan da ka. A ɗauko fasfo ɗinsa da katin Social Security, wato mai lambar shaidar da gwamnatin Amurka ke ba mutum, da lasin tuƙi a ajiye a kan tebur, a kwafe harafi bayan harafi. Mu kan rubuta suna ɗaya hanya huɗu, Muhammad, Mohammed, Mahamadou, Mamman, in takarda ta fito da Mohammed alhali a banki Mahamadou ne toh an shiga zirga-zirga. Haka ranar haihuwa, wadda ke fasfo za a saka ko da kowa ya san ba ita ce ta gaskiya ba. Za su tambayi sunan uba, sunan uwa na gidansu kafin aure, garin haihuwa, sana'a, da sunan mata ko miji. Kafin su tura ka ce su nuna maka ka karanta da idonka, gyara a lokacin minti biyu ne, gyara bayan an yi rajista kuwa sai da fom da hujjoji da kuɗi da jira.

Na uku ka gano sunan ofishin, don kowace jiha da nata tsarin. A North Carolina, inda 'yan Nijar suke da yawa a Greensboro, ofishin Register of Deeds na kauntin Guilford za ka je, kwafi mai hatimi dala 10. A Chicago ofishin Cook County Clerk ne. A Los Angeles akwai Registrar-Recorder, babban ofishinsu na Norwalk. Wasu wuraren kuma sashen lafiya na kaunti ne ke riƙe da su. Mutanen Bronx ku lura, a birnin New York ba kaunti ke yi ba, ma'aikatar lafiya ta birnin ce ke kula da duka yankuna biyar ɗin, ofishin na 125 Worth Street a Manhattan, kwafi dala 15. Farashi yana canzawa, ka leƙa shafinsu ko ka buga waya kafin ka fita, ka tambaya har da ko sai an ba ka lokaci tukuna.

Na huɗu shi ne wa ke da haƙƙin karɓa. Ba kowa ba ne. Galibi mata ko miji, 'ya'ya, iyaye, 'yan'uwa na jini, ko lauya da wanda kotu ta naɗa ya kula da dukiyar. A Texas sai takarda ta shekara 25 kafin kowa ya iya nema, a Florida ɓangaren dalilin mutuwa a rufe yake shekara 50 ga wanda ba na jiki ba. Cewa "ɗan'uwana ne garinmu ɗaya" ba ya aiki a gaban kanta, ma'aikaciyar za ta nemi abin da ya haɗa ku a rubuce. Matar da aka ɗaura aurenta a masallaci ko a gida ta nemo takardar auren tun da wuri, in da Faransanci ko Larabci take a sa a fassara.

Na biyar sai neman kansa. Hanya mafi sauƙi ita ce tun farko ka ce wa kamfanin jana'iza su yi maka odar kwafi, su sun saba. In an wuce nan ka je da kanka da katin shaida mai hoto wanda wa'adinsa bai ƙare ba, ka cike fom, cikakken sunan mamaci, ranar rasuwa, wurin, dangantakarku da dalilin nema, ka biya, sau da yawa a ranar za a miƙo maka in har rajistar ta riga ta shiga. Ta gidan waya ma ana yi amma ya fi jinkiri, a California sai ka haɗa da takardar rantsuwa da notari, wato jami'in da ke tabbatar da sa hannu, ya buga wa hatimi. Ta intanet yawancin ofisoshi da wani kamfani mai suna VitalChek suke aiki, akwai ƙarin kuɗi a kai, kuma ka shiga ta shafin kauntin don akwai shafuka masu kama da na gwamnati da ke cajin mutane kuɗin banza.

Kwafi nawa? Ka zauna ka lissafa: kowane banki, inshora, kuɗin ritaya na wajen aiki, ofishin lasin mota, mai gidan haya, kotun gado, da waɗanda za a aika gida. Wasu hoto kawai za su ɗauka su maido maka, wasu riƙewa suke. Ni dai shawarata ka karɓi da yawa lokaci ɗaya, a wurare irin Texas ƙarin kwafi a oda ɗaya ya fi na farko araha sosai. Ka tabbatar mai hatimi aka ba ka, akwai wani iri na bayani kawai wanda banki ba ya karɓa.

In mutuwar ta haɗari ce ko ta farat ɗaya aka yi binciken gawa, za ka ga a wajen dalili an rubuta "pending", wato ana jiran sakamako. Wannan za ta yi maka wasu ayyukan, amma inshora kan ce sai ta ƙarshe ta fito, kuma hakan na iya ɗaukar makonni ko watanni, ofishin mai binciken za ka riƙa tuntuɓa ba kaunti ba.

In kuma za a yi amfani da ita a gida wajen rabon gado ko banki, ko za a kai gawa, hatimin kaunti kaɗai ba lallai ya wadatar ba. Galibi ana kai ta ofishin Secretary of State na jihar, wato sakataren jiha, su tantance, sannan ofishin jakadanci. 'Yan Najeriya akwai ofishin jakadanci a Washington da ƙananan ofisoshi a New York da Atlanta, ka kira wanda ya fi kusa da kai su faɗa maka abin da suke buƙata kafin ka saka takarda a ambulan.