Kama ɗaki a gidan haɗaka: inda sabon zuwa ke yawan tuntuɓe

Wanda ya sauka a sabon gari, kuɗin masauki na cin aljihunsa kullum, ba abin da yake so irin a miƙa masa makulli. Wannan gaggawar 'yan damfara suke jira. Za ka ga hoton ɗaki fes a intanet, haya da araha, mai ɗakin ya ce ya yi tafiya, amma ka tura kafin alƙalami ya riƙe maka don mutum uku na layi. Kada ka tura ko sisi. Gani ya kori ji. In kana nesa, a kira ka ta bidiyo kai tsaye, a buɗe taga a nuna maka titi. Hoton kuma ka saka shi a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. In ya fito a tallan wani gari daban, ka san inda aka dosa.

Kuskuren da ya fi wannan ciwo shi ne rashin sanin wa kake biya. Ni ya taɓa ci na. Mutumin da ya zagaya da ni gidan, fara'a kamar mun shekara tare, na ɗauka shi ne mai gida. Ashe ɗan haya ne irina, kuma takardarsa ta hana shi saka wani. Wata biyu ina ba shi kuɗi hannu da hannu, ba rasit. Ranar da mai gidan na gaskiya ya zo duba famfo ya tarar da ni a falo, tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, wa kake nema?" Na buɗe baki, na rasa takarda ko ɗaya da ke ɗauke da sunana.

Saboda haka tun ranar farko ka tambaya: sunan wa ke kan yarjejeniyar haya? A nuna maka ita. In ɗan haya ne zai ba ka ɗakin, nemi amincewar mai gida a rubuce. In kuma za a haɗa sunayenku duka a takarda ɗaya, karanta da kyau, domin a wurare da yawa hakan na nufin idan ɗaya ya gudu, za a iya bin sauran cikakken kuɗin haya. Biya ta banki, ko ka karɓi rasit duk wata.

Sai kuɗin ajiya, wato wanda ake riƙewa don a cire kuɗin gyara in ka lalata wani abu, wanda mutane ke mantawa da shi sai ranar tashi. Kafin ka shigar da jaka, ɗauki hoton komai: tsagar tayil, tabon danshi a bayan durowa, hannun ƙofa mai girgiɗi, har da lambar da mita ke nunawa. Tura wa wanda ya karɓi kuɗinka a ranar, kwanan watan ya zama shaida. Ka kuma kunna famfo, ka gwada makullin ɗakin, ka duba ko wayarka na kama sabis a ciki. Gidan da ka gani tsit da hantsi, koma ka ji shi da dare.

Abokan zama fa? Nan kunya ke cutar baƙo, yana gudun a ce ya cika bincike. Alhali zo mu zauna, zo mu saɓa ne, gara a yi maganar tun ana dariya. Yaya ake raba kuɗin wuta, ruwa da intanet, da sunan wa suke zuwa? Wa ke wanke banɗaki, yaushe? Baƙo na iya kwana, har dare nawa? Mai aikin dare da mai sammako bango ɗaya tsakaninsu, ba sai an faɗa ba. Ni dai in na shiga gida yanzu, wurin wanke-wanke nake fara leƙawa. Tukunyar da ta kwana uku a jiƙe ta fi masu gidan faɗin gaskiya. Ka kuma tambayi dalilin tashin wanda ya bar ɗakin, ka lura da fuskokinsu kafin su amsa.

Kada zumuɗi ya sa ka ɗaure kanka shekara guda a unguwar da ba ka sani ba. Gwada hanyar wurin aikinka a lokacin cunkoso tukuna, nemi wa'adi gajere in ana bayarwa, kuma a rubuta kwana nawa za ka sanar kafin ka tashi, da kwana nawa su ma za su ba ka.