Yadda na gyara saɓanin murya da hoto ba tare da sauya manhaja ba

Hirar minti 40 da na ɗauka da waya ta hana ni sakat: farkonta lafiya lau, amma kafin minti na 30 murya ta riga motsin baki da kusan daƙiƙa biyu. Na zargi ƙaramar manhajar da nake tace bidiyo da ita, har na sauke gwajin wata ta ƙwararru, wadda ta nauyaya kwamfutata kuma ta maimaita saɓanin. Jan sautin da hannu ma wuri ɗaya yake gyarawa, ya ɓata wani.

Da na buɗe fayil ɗin a MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil ɗin bidiyo, sai na ga adadin firam ɗinsa, wato hotunan da ke wucewa a kowace daƙiƙa, yana hawa yana sauka, kamar yadda wayoyi da yawa suke ɗauka, musamman idan haske ya yi ƙaranci. Ashe wannan ne ke kawo saɓanin. Na shigar da shi HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, a shafin Video na zaɓi tsarin matse bidiyo na H.264, na sa firam 30 a daƙiƙa, na danna Constant Framerate domin adadin firam ya tsaya bai ɗaya, sannan na sa RF, wato ma'aunin ingancin hoto, a 18 domin kada hoton ya dushe. Da na mayar da sabon fayil ɗin tsohuwar manhajata, murya da baki suka tafi tare har ƙarshe. Alhamdulillahi, kuɗin da na tanada don sayen lasisin manhajar ƙwararrun suna nan.