Yadda makaho zai shiga intabiyu ya nuna aikinsa

Na rasa ganina ina saurayi, yanzu kuma aikin ofis nake yi: wasiƙu, imel, rahoto. Kafin in samu, na sha zama gaban masu ɗaukar ma'aikata ina sauraren shirunsu. Akwai tambayar da suke jin nauyin yi: ta yaya wannan zai karanta takarda? Sai su ba kansu amsa, su ce maka za su kira ka. Kai ne za ka amsa ta tun suna juya ta a zuci.

Fara da madannan kwamfuta. Ɗora yatsunka manuniya a kan F da J, za ka ji ɗan tudu a kowanne, daga nan sauran yatsu suke gane gurabensu. Yi ta bugawa kullum har hannunka ya faɗa. Sannan ka sauke NVDA, manhajar da ke karanta maka abin da ke kan allon Windows da murya. Kyauta ce, kuma makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, su suka gina ta tun daga 2006. JAWS, wata manhajar irinta, ita ma tana da kyau, sai dai saye ake yi. Abin da ya sa na fi son NVDA shi ne tana zama a filashi, ka soka a kwamfutar wani ta fara magana.

Ni ba na rubuta makantata a takardar neman aiki. Sai an gayyace ni nake buga waya in faɗa, in roƙi a ba ni jarrabawa a kwamfuta. Mai keken guragu ya tambayi matakala da ban ɗaki a wannan wayar, kurma ya aika saƙo a tanadi tafinta ko a rubuta masa tambayoyin. Ana jibi, ka je da wani ka koyi hanya, ka ƙirga ƙofofi, domin ranar ka shiga da sandarka kai kaɗai.

Idan ka zauna, nemi minti biyar. Soka filashin, zare abin kunne kowa ya ji, ka rage saurin muryar sosai. Karon farko na manta ban rage ba, wani dattijo a cikinsu ya ce shi bai tsinci ko kalma ɗaya ba, damar ta wuce ni, ta kuma daɗe tana cin raina. Ka ce su yi maka shiftar wasiƙa, ka buga, ka gyara kuskurenka a gabansu.

In suka tambayi buƙatunka, kar ka ce "duk yadda kuka yi". Faɗi ɗaya bayan ɗaya: a turo takardu a Word, ban da hoton takarda, domin hoto ba ya karantuwa kai tsaye, in an gusar da kujera a gaya mini. Wannan haƙƙi ne, Sashe na 27 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan masu buƙata ta musamman ya ambace shi. Bincika ko ƙasarka ta sa hannu, da abin da dokarta ta tanada.

In an ɗauke ka, makon farko wani zai ce, "Kawo in yi maka." Yi masa godiya, ka roƙe shi ya karanta maka ambulan kawai, rahoton kuwa ka rubuta abinka.